Na je Kansas na koyi ƙona daji

Na taso ina jin sanarwa a rediyo duk hunturu cewa ƙona daji laifi ne, kuma ban taɓa tantama ba har na tafi karatun muhalli a jihar Kansas ta Amurka. Sai ga shi Afrilun farko da na yi a can an miƙo mini wata buta mai dogon baki, cike da dizal gauraye da fetur, aka ce in bi layi ina ɗiga wuta a ciyawa.

Ba a farawa yadda na zata. Gefen da iska ta nufa ake fara kunnawa, wutar ta riƙa rarrafe tana dawowa a hankali, har ta bar baƙin fili mai faɗi. Sai an gama wannan ake sakin babbar wutar daga ɗaya gefen, ta taho da gudu, ta iso inda ba abin ci, ta mutu. Kafin nan mun yi kwana uku muna jiran iska ta daidaita. Ni da nake ɗokin ganin wuta, haƙuri aka fara koya mini.

Abin da ya sauya mini tunani na gan shi ne a Konza, filin bincike na tsaunukan Flint Hills da aka kafa a 1971. An raba shi kashi-kashi: wani ana ƙona shi duk shekara, wani bayan shekara 2, ko 4, ko 20. Na shekara 20 ɗin nan, wanda da ni ne sai in ce shi aka kiyaye, ya cika da bishiyoyi da sarƙaƙiya, ciyawa ta ja da baya. Ciyawa daga ƙarƙashin ƙasa take tohowa, don haka wuta ta wuce ta kanta kawai. Ƙananan bishiyoyi su ne ke shan wuya. Ga shi kuwa irin wannan fili na doguwar ciyawa, abin da ya rage a Amurka bai kai kashi 4 cikin 100 ba, shi ma duwatsu ne suka hana garma shiga.

A 1987 aka dawo da baunar Amurka Konza. Ba irin tamu ba ce, tana da tozo da gashi buzu-buzu. A da sun kai miliyan 30, amma kafin 1890 an karkashe su har ba su kai 1,000 ba. Makonni kaɗan bayan ƙuna za ka ga garken ya tare a kan sabon toho, ya bar tsohuwar ciyawa. Da yake ciyawa suka fi ci, sauran tsirrai masu fure sai su samu sarari, ƙwari da tsuntsaye su biyo.

Daga nan sai na zarme, na koma ganin wuta alheri ce tsantsa. Wani malaminmu ne ya taka mini birki. Ya kai mu inda masu kiwon shanu ke ƙone komai ƙurmus kowace shekara, ya ce mu nuna masa inda wata kazar daji ta can mai kama da fakara za ta ɓoye ƙwanta. Babu. Shi ya sa masana irin su Sam Fuhlendorf na Oklahoma ke cewa a ƙona yanki guda, dabbobi su bi shi, sauran ya huta ya tara bunu. Tun daga ranar, in an shimfiɗa taswirar ƙuna, inda ba za a taɓa ba nake fara nema.

Makiyayanmu sun daɗe da sanin cewa dabba na bin toho bayan wuta, kamar yadda ƴan asalin Amurka suka sani. Amma ba zan koma gida in ce a kwaikwayi Kansas ba. Can ruwa na biyo bayan ƙunar Afrilu. Mu kuwa a arewa, busasshiyar ciyawar nan ita ce abincin dabba har damina, kuma wutar mai farautar gafiya a iskar hunturu ba ta san iyakar gona ko rumbu ba.

Na yi wa Baba wannan bayani duka a waya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, wato har Amurka muka tura ka koyon ƙona daji?"