Hissène Habré da kurkukun N'Djamena

Jama'a, daren jiya na kalli wani shirin tarihi kan Hissène Habré, wallahi barci ya ƙaurace mini. Mutumin nan ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, ya tsere Senegal, ya miƙe ƙafa a Dakar sama da shekara 20 hankali kwance.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin ninƙayar da jami'ansa na DDS, wato hukumar 'yan sandan asirinsa, suka rufe da kankare suka mai da shi kurkuku. Mutane cunkushe cikin zafi, wani ya cika, a bar gawarsa tare da masu rai.

Waɗanda suka tsira ba su haƙura ba har sai da aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016. Ko kotun ma da ƙarfi aka shigar da shi, ya naɗe fuska da farin rawani, ya yi gum.