Kar ku karanta wa kafinta awon kicin ta waya

Ku ƙannena masu shirin tarewa a sabon gida, musamman waɗanda 'yan jere suka tsare a kan sai an gama kicin kafin biki, ku ɗan saurara. Kabad ɗin kicin a jikin bango yake zama, kuma bangon maginanmu ba ya miƙewa yadda ido ke nuna maka.

Lokacin da nake aikin gidana a Arkilla, tun ba a yi filasta ba na ɗauki tef na auna, na kira kafinta na karanta mishi lambobin don a rage lokaci. Filasta da tayil suka zo suka cinye kusan santimita 3 kowane gefe, ranar da aka kawo kabad ya ƙi shiga, sai ga mu a tsakar gida cikin rana ana datse shi da zarto, bakin allon duk ya tsattsage, ga shi MDF ne, wato allon da ake yi da garin katako da gam, ruwa na taɓa wurin yankan yake kumbura. Har yau ƙofar kusa da sinki sai an danna ta da gwiwa. Kafintan ma bai da laifi, abin da na faɗa ya yanka.

Don haka ku bari mai tayil ya gama tukuna, sannan ku kawo kafinta har cikin kicin ɗin ya auna da hannunshi kuna tsaye. Kowane bango a auna shi ƙasa, tsakiya da sama, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Kusurwa kuma akwai dabara: daga kusurwar auna 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan, ku sa alama, in tsakanin alamomin biyu bai ba da 100 ba to a karkace take, sai a bar ɗan sarari da za a toshe da siririn katako. Kuma ku tsaya a kan abu ɗaya, ko inci ko santimita, tef fuska biyu gare shi, su kafintoci sun fi sabawa da inci.

Firji ku bar mishi wurin shan iska ta baya da sama, kun dai san zafin Sakkwato a watan Afrilu, in kun matse shi kwamfuresa, wato injin da ke sanyaya shi, ce za ta sha wuya. A nuna inda soket da fayif suke a jikin takardar awon, ni sai da aka huda bayan kabad aka lalubo soket. Silindar gas kuwa gara a waje, ko aƙalla inda iska ke ratsawa.

Tsayin kantar kicin yawanci santimita 90 ne, zurfi 60, amma ku tambayi wadda za ta yi girkin. Tawa ba ta da tsawo, kabad ɗin sama sai ta taka kujera 'yar tsugunno, babbar tukunyar tuwonta kuma ba ta shiga ko ɗaya daga cikin na ƙasa, tana can a sito.