Wasiƙa daga Norfolk: ɗakin da mai ciwon haƙori ba ya gani

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na gida.

Ina fata kuna lafiya, an kuma yi kaka lafiya. Mu nan sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa.

Makon jiya autanmu ya turo mini saƙon murya da tsakar dare, magana ma da ƙyar take fita. Turmin haƙorinsa ya yi kogo, kunci ya kumbura. Ya danna kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri, ya sha farasitamol har ya gaji. Ya ce, "Yaya, gobe zan je wurin wani mutum a bayan kasuwa ya cire mini. An ce hannunsa da sauƙi, kuɗinsa kuma ba yawa." Na ce, "Auta, kafin ka buɗe masa baki, tambaye shi a ina ya dafa awartakinsa." Ya yi jim, ya ce shi bai taɓa jin an yi wa mai magani irin wannan tambaya ba. Tun daren maganar take cina, shi ya sa na ce bari in rubuto muku gaba ɗaya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce ta ɓangaren haƙori. Shekara shida ke nan ina aiki a wani ƙauye na lardin Norfolk, gabashin Ingila. Kada ku zaci wani katafaren asibiti ne. Tsohon gida ne aka gyara, kujerun aiki biyu, likitoci biyu, mu uku masu taimaka musu, sai wata dattijuwa mai karɓar baƙi. Masu zuwa wurinmu manoman alkama da sha'ir ne, da tsofaffi, da 'yan firamare. Amma dokar da ke kan babban asibitin haƙori na Landan ita ce a kanmu, ba a rage mana komai don muna ƙauye ba.

Mara lafiya kujera yake gani, da fitila, da farar rigar likita. Ni kuwa rabin yinina a wani ɗan ɗaki nake yinsa can baya, wanda faɗinsa bai wuce na madafi ba. Duk abin da ya shiga bakin mutum ta nan yake bi, kuma hanya ɗaya yake bi: ya shigo ta gefen datti, ya fita ta gefen tsabta, ba ya komawa baya. Kwamin wanki biyu ne, ɗaya na wankewa, ɗaya na ɗauraya. Ruwan wankin ba a barinsa ya wuce digiri 45, domin ruwan zafi dafa jini yake yi ya manne a jikin ƙarfe, kamar yadda ƙwai ke kama tukunya. Bayan wanki sai in ɗauki kowane ƙarfe in duba shi ƙarƙashin gilashi mai ƙara girma da fitila a jikinsa. Tsagar bakin awartaki, can inda yake damƙe haƙori, nan jini ya fi maƙalewa. In na ga ɗigo ko kamar ƙwayar gero, ya koma wanki.

Daga nan sai tukunyar tururi, wadda ake kira otokilef. A nan ne nake so ku tsaya da ni. Ruwa komai tafasarsa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, kuma akwai ƙwayoyin cuta masu sulke da wannan zafin ba ya kashewa. Ita otokilef kulle tururin take yi ta matse shi har ya kai digiri 134, ta riƙe shi haka aƙalla minti 3. Kayan suna cikin 'yar jakar takarda mai layi a jikinta, layin yana sauya launi in tururi ya ratsa. Mu buga kwanan wata a kai. In shekara ta zagayo ba a buɗe jakar ba, a sake turara ta. Wasu abubuwan kuma ba sa ganin baki biyu ko kaɗan: allura, safar hannu, da siraran ƙarafan da ake share jijiyar haƙori da su. Daga baki sai bokitin shara mai murfi.

Kowace safiya, kafin mutum na farko ya zauna, sai an gwada tukunyar, an rubuta zafi da matsi da minti a kundi, an sa hannu. Wata ranar Talata gwajin ya ƙi. Na sake, ya sake ƙi. Mutum tara ne a layin safe, ciki har da wani tsoho da jikarsa ta ɗauko daga nesa. Likita ta leƙo, ta dubi takardar gwajin, ta ce a kira kowa a ba shi haƙuri, babu bakin da za a taɓa da kayan da suka fito daga tukunyar nan sai mai gyara ya zo. Tsohon ya yi faɗa sosai, kuma da gaskiyarsa, ciwo yake ji. Muka buɗe masa jaka daga cikin waɗanda aka turara tun makon baya, aka duba shi, sauran aka ɗage su. An yi asarar kuɗin rabin yini. Ban taɓa girmama likitar nan kamar ranar ba.

Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, mai shiga gida ya leƙa randa. Mu ma muna da namu. Hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009, ita ke sa ido kan asibitocin Ingila, kuma tun 2011 babu mai buɗe wurin aikin haƙori sai da rajistarta. Wani lokaci su sanar da zuwansu, wani lokaci sai dai a gan su a ƙofa, rahotonsu kuma a intanet yake, kowa na iya karantawa. Da suka zo mana, matar da suka turo ba ta ko kalli sabon fentin bango ba. Aljihun tebur ta ja, ta zaro jaka ɗaya daga can ƙasa, ta karanta kwanan wata. Ta buɗe jakar gaggawa ta bi magungunan ɗaya bayan ɗaya, allurar adirenalin, maganin asma, asfirin, tukunyar oksijin, da na'urar farfaɗo da bugun zuciya. Sai ta juyo gare ni, ta ce in allurar da aka yi wa wani ta soke ni yanzu, me zan yi? Ba shugabar wurin ta tambaya ba, ni ta tambaya. Akwai kuma majalisar GDC, tun 1956, mai riƙe da sunayen likitocin haƙori, kuma tun 2008 har irinmu masu taimako sai sunanmu na ciki kafin mu taɓa aiki.

Ba ina ce muku nan aljanna ba ce. A 2014 an nemi mutum wajen 22,000 a yankin Nottingham su zo a gwada jininsu, saboda wani likitan haƙori da aka ɗauka a bidiyo a ɓoye yana tashi daga baki zuwa baki bai sauya safar hannu ba. Dokokin nan duk suna nan a rubuce lokacin, sai da wani ya ga abin ya ƙi yin shiru. Ga kuma ƙarancin likitoci. A 2022 binciken BBC ya gano cewa 9 cikin 10 na wuraren haƙori da ke ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS ba sa karɓar sabon baligi, kuma lardinmu na cikin inda abin ya fi tsanani. Har a nan akwai masu cire haƙorinsu da kansu a gida don sun rasa likita. Saboda haka na san abin da ke kai mutum bayan kasuwa, ba na zagin kowa.

Abin da ke hana ni barci ciwon hanta ne. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B. Ƙwayarsa tana iya yin mako guda da ranta a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma mai ɗauke da ita yakan yi shekaru bai sani ba. To ku auna awartaki ɗaya da ya shiga baki goma a ranar kasuwa, tsakanin kowane biyu a goge shi da auduga da sifirit. Haƙorin ya fita, zafi ya tafi, an yi godiya, ciwon kuma sai bayan shekaru ya bayyana, a lokacin da babu mai tuna ranar kasuwar.

Na san za a ce ai a gida babu wutar lantarki. Akwai tukunyar tururi da ake ɗorawa kan gas ko risho, tana kai digiri 121, sai dai a ba ta lokaci mai tsawo, aƙalla minti 15 bayan ta kai zafin. Ƙwararru ma muna da su. Jami'ar Bayero tana yaye likitocin haƙori, hukumar likitocin Najeriya ta MDCN kuma tana ba su lasisin aiki, takardar da duk mai ita ba ya jin nauyin nunawa. Ku nemi ganinta. Ku ce a buɗe allura a gabanku, a sa sabuwar safar hannu kuna kallo. In mutum bai tambaye ku ko kuna da hawan jini, ko ciwon sukari, ko sikila, ko juna biyu ba, kada ku bar shi ya soka muku allura a dasashi. Wanda bai yi rigakafin ciwon hanta ba, don Allah ya je a gwada shi ya yi, allura uku ce.

Auta dai ya fasa zuwa bayan kasuwa. Na tura masa kuɗin mota, ya tafi sashen haƙori na babban asibitin jiha, ya yi zaman layi tun safe har azahar. Ya ce da aka zo kansa kunya ta kama shi, amma ya daure ya ce, "Likita, don Allah ka yi haƙuri, yayata ce ta ce in tambaya, an dafa kayan nan?" Likitan ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kama hanya da shi zuwa ɗakin baya, ya nuna masa tukunyar tana huci. An cire haƙorin, jiya ya ce mini har ya ci tuwo.

A gaida kowa da kowa, manya da yara.

Taku 'yar'uwa,
daga Norfolk, Ingila.