Yini Guda a Wahat al-Salam

Ziyarar Masallacin Aƙsa ce ta kai ni Birnin Ƙudus, na shiga ta gadar Sarki Husaini daga Amman. Amma tun ina koyar da Larabci a gida nake jin labarin Wahat al-Salam, wani ƙauye a Isra'ila da Yahudawa da Larabawa suka zaɓi zama tare, don haka a rana ta huɗu na ɗauki tasi da hantsi daga Birnin Ƙudus, muka gangara hanyar Tel Aviv. Wajen rabin sa'a muka iso Latrun. Direban, Bafalasɗine ne dattijo, ya nuna min wani daji da hannu ya ce nan garin Imwas yake kafin a rushe shi a 1967. Daga nan bai ƙara magana ba har muka hau tudun.

Sunan ƙauyen biyu ne, Wahat al-Salam da Neve Shalom, ma'anarsu ɗaya: dausayin salama. Bruno Hussar ne ya kafa shi, wani fada ɗan Katolika da aka haifa a Alƙahira, iyayensa kuma Yahudawa. A 1970 ya sami filin daga hannun sufayen Kirista na Latrun, ya yi shekaru a kan tudun babu ruwan famfo babu lantarki kafin iyalai su fara tarewa. Makarantar firamare ta buɗe a 1984, kuma yau mafi yawan ɗalibanta daga garuruwan kewaye ake kawo su.

Makarantar na zo gani. An bar ni na zauna a bayan aji, malamai mata biyu a gaba, ɗaya na magana da Larabci, ɗaya da Ibrananci. Kunnena ya riƙa kama kalmomi kamar 'yan uwan da aka raba tun suna goye: bait da bayit, yaum da yom, lisan da lashon. Hannu kuwa yad ne a bakin kowa. Da wani yaro ya ce Shabbat, sai na tuna Asabar ɗinmu ma daga wannan saiwar ta fito.

Sai dai a filin wasa na lura yaran sun fi karkata ga Ibrananci. Malamar Larabcin ba ta ɓoye min ba. Ta ce, “Ustaz, ɗan Balarabe dole ce ke koya masa Ibrananci, a asibiti da banki da jami'a. Ɗan Bayahude ba abin da ya tilasta masa Larabci.” Wata doka da Isra'ila ta yi a 2018 ma ta sauke Larabci daga matsayin harshen hukuma. Wannan ne ya sa duk Bayahuden da na ji yana fama da harafin ḍad na Larabci a wurin, girmansa ya ƙaru a idona, domin babu riba a ciki sai son mutanen da ke magana da shi.

Da azahar malaman biyu suka gayyace ni shayi da na'ana'a a ƙarƙashin wata zaitun. Habibti suke kiran juna, wato masoyiyata, Bayahudiyar kuma khalti take ce wa mahaifiyar ƙawarta, kamar yadda za mu ce inna. Na tambaye ta abin da ya kai ta koyon Larabci da girmanta. Ta ce kakarta 'yar Bagadaza ce, tana cikin Yahudawan Iraƙi sama da dubu 100 da aka kwaso a jirage tsakanin 1950 da 1951. A sabuwar ƙasar, Isra'ila, Larabci ya zama harshen abokin gaba, tsohuwar ta kulle shi a ciki, 'ya'yanta suka tashi ba su iya ba.

Da tsufa ya ci ƙarfinta, Ibranancin da ta koya da girma ya zube, ba abin da ya rage a bakinta sai Larabcin ƙuruciya. 'Ya'ya da jikoki kewaye da gado, babu mai gane me take so. A lokacin jikar ba ta wuce gaisuwa ba, sai ta kira wannan ƙawar tata. Larabcin Yahudawan Bagadaza ya yi nisa da na Falasɗinu, amma haka ƙawar ta riƙa zuwa bayan an tashi makaranta, tana riƙe hannun tsohuwar, tana tsinto abin da ta iya tana mayar wa iyalin. Yawanci ruwa tsohuwar take nema, ko ta ambaci kogin Dijla, ko ta kira mahaifiyarta.

Bayahudiyar tana ba ni labarin da Larabci, tana tsayawa neman kalma, ƙawar na miƙa mata a hankali. Ba su ce min komai ya daidaita ba. Sun ce duk lokacin da yaƙi ya tashi a Gaza akan yi kwanaki gaisuwa ma nauyi take yi musu, amma da safe aji ɗaya suke shiga.

La'asar ta kawo jiki direban ya danna oda. Bayahudiyar ta rako ni har mota, ta dafa ƙirji ta ce, “Allah ma'ak, ustaz,” wato Allah ya kasance tare da kai. Na mayar mata da kalma ɗaya tilo da na riƙe a ranar, toda, wato na gode. Direban ya dube ta ta madubi, ya ɗaga mata hannu, muka gangara don mu riski magariba a Aƙsa.