Yadda na gano abin da ke ɓata mini sauti a wurin biki

A watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi yake wuce digiri 40 tun kafin azahar, aka ɗauke ni in sa kiɗa a wani bikin aure a unguwar Zariya. Kayana ba su da yawa: kwamfutar tafi-da-gidanka mai manhajar haɗa waƙoƙi ta VirtualDJ, ƙaramar mikisa mai haɗa sautuka, amfili ɗaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, lasifika biyu, sai gurup, wato injin wuta, da masu biki suka aro. Da farko komai ya tafi daidai, amma da mata suka cika fili na ƙara murya, sai bugun ganga ya koma kamar ana yaga buhu, muryar mawaƙi kuma ta dushe. Kawun amarya ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Yaro, abin nan naka yana sa mutane ciwon kunne." Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba, yanzu zan gyara." Ban iya gyarawa ba, kuma kafin a watse ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti a lasifika ɗaya ya ƙone. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ranar farin cikin mutane ce aka damƙa mini.

A daren na ɗora wa lasifikan laifi. Washegari na shimfiɗa kayan a tsakar gida, na zaɓi waƙa ɗaya da na san sautinta sarai, na yanke shawarar ba zan taɓa abu biyu a lokaci guda ba, domin in na canza waya da maɓalli tare, ba zan san wanne ya yi magani ba. Da na saurara a natse, sai na gane abin da nake kira ƙara guda ɗaya ashe cuta uku ce, kowace da muryarta: akwai tsagewa in an ƙara murya, akwai gunji na ƙasa-ƙasa ko da ba a sa waƙa ba, akwai kuma wani ƙas-ƙas da tsinkewa da ba ya zuwa sai kwamfutar ta daɗe tana aiki.

Tsagewar ita ce babba, kuma daga hannuna ta fito. Sauti a cikin kwamfuta yana da rufi da ba ya iya wucewa, wato 0 dB a ma'aunin manhaja. Duk abin da ya haura nan sai a datse masa kai, kuma wannan datsewar ce ke haifar da kaushin da ke zafafa ƙaramin bakin lasifika har ya ƙone. Ni kuwa na murɗa ƙarfin kowane layi a manhajar, na ƙure maɓallin sautin ganga, fitilun suna ja ban kula ba, don a zatona ja alama ce ta ƙarfi. Abin da ya fi wannan muni shi ne ramin da na soka wayar kwamfuta a jikin mikisa: ramin makirfo ne. Makirfo ba ya bayar da fiye da 'yan milivolt (milivolt dubu ne volt ɗaya), shi ya sa raminsa yake da abin da ke ninka sautin sosai, alhali ramin kunne na kwamfuta yana iya fitar da kusan volt ɗaya. Ke nan tun a ƙofar mikisa sautin ya riga ya lalace, duk rage muryar da zan yi a amfili ba za ta dawo da shi ba. Na mayar da wayar zuwa ramin da aka rubuta LINE, na rage manhajar har bugu mafi ƙarfi ya tsaya wajen -6 dB, na bar fitilun mikisa a kore, rawaya sai jefi-jefi. Nan take waƙar ta washe, har na ji wata ƙaramar kalangu a bayan kiɗan da na daɗe ban ji ba.

Gunjin bai ba ni wahala ba wajen ganowa. Ina zare cajar kwamfutar ya ɗauke, ina mayarwa ya dawo. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan kwamfuta da amfili suna soket daban-daban alhali wayar sauti ta haɗa su, wani ɓangare na wannan kaɗawar yana bi ta wayar ya fito a lasifika. Wani abokin sana'a ya ba ni shawarar in karya ƙafa ta uku ta filogi. Na ƙi, domin ita ce ke kare mutum in wuta ta zubo a jikin ƙarfe, kuma a wurin biki makirfo yana yawo daga hannu zuwa hannu, har da na yara. Na haɗa kayan duka a soket ɗaya, na sauya doguwar igiyar sautin da gajera mai kauri, na kuma sayi ɗan akwatin nan mai taransifoma a ciki da ake sawa tsakanin kwamfuta da mikisa don raba su ta fuskar wuta.

Ƙas-ƙas ɗin ne ya cinye mini kwana biyu. Da na sa mai gyara ya buɗe kwamfutar, sai ga ƙurar hunturu ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga. Kwamfuta in ta yi zafi takan rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, kuma in gudun ya ragu ba ta iya cika ɗan rumbun da take tara sauti kafin ta tura shi waje, sai a ji giɓi. Nawa rumbun yana kan gutsuren sauti 128, wanda a ma'aunin gutsure 44,100 a daƙiƙa bai kai milisakan 3 ba. Na ɗaga shi zuwa 512, kusan milisakan 12, jinkirin da ba ya hana ni haɗa waƙa da waƙa. Na daina ɗora kwamfutar a kan zanen da ake rufe tebur da shi, ina kashe Wi-Fi da Bluetooth kafin in fara, daga baya kuma na sami katin sauti na USB mai direban ASIO, wato manhajar da ke rage jinkirin sauti.

Akwai waƙoƙin da duk wannan bai taimaka musu ba, waɗanda aka ciro daga bidiyo aka yi ta turawa daga waya zuwa waya. Su kam na goge su, na nemi masu ingancin sauti, wato masu 320 kbps, inda na samu.

Bikin da na yi bayan wannan a unguwar Ali Ɗan Sofo ne, kuma filin ya fi na Zariya faɗi. Tun a wajen ciniki na gaya wa mahaifin ango cewa lasifika biyu ba za su cika wurin ba komai murɗa maɓalli, ya yarda aka yi hayar ƙarin biyu da amfilinsu. Da dare ya yi, wani abokin ango ya zo ya ce in ƙara murya. Na nuna masa fitilar amfili da ta fara ƙyaftawa ja a kan bugun ganga, na ce masa iyakar kayan ke nan, sannan muka ɗauki lasifika ɗaya muka matsar da ita kusa da masu rawa.