Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Ba a sarki biyu a gari ɗaya

Makon jiya na tsaya a inda aka sallame ni daga gareji. To kafin in ci gaba sai na kawo maganar tsohon nan baƙar fata da muke haya gida ɗaya a unguwar Bronx ta New York, don shi ya fara ba ni labarin Johnny Sain, lokacin ko ƙa'idar besbol ban sani ba, jifa kawai nake gani ana yi ana ihu a Yankee Stadium.

Wai Sain mai jifa ne, ɗan Arkansas. A 1947 shi ne ya fara jefa wa Jackie Robinson ƙwallo, ɗan wasan nan baƙar fata da ya karya wariyar launin fata a besbol, ranar da Robinson ya shiga babban lig, tsohon kuwa in ya zo nan sai ya cire hula. A 1948 ya ci wasa 24 wa ƙungiyar Boston Braves. Amma ni abin da ya kama ni koyarwarsa ce bayan ya zama koci. Cikin masu jifan da ya koyar, Whitey Ford ya ci wasa 25 a hannunsa a 1961, Denny McLain ya ci 31 a Detroit a 1968, kuma shekara na zagayowa aka kori Sain saboda ba sa shiri da manaja. Ba ya sa yaransa gudun wahala, zama yake da su yana nuna musu yadda ake riƙe ƙwallo da yatsu har ta karkace a iska, yaran suna sonsa, manajoji kuma abin na ci musu rai.

Baffa Allah ya jiƙansa ya sha faɗa mana ba a sarki biyu a gari ɗaya. Tun muna Zango yake faɗa, ranar da Yaya ya bar shago ma ita ya maimaita.

Wallahi haka aka yi min. Yara huɗu na koya wa gyaran birki, in mota ta shigo ni suke kira, ba oga ba, ni nake kama hannunsu in ce saurari ƙarar nan tukuna kafin ka kwance komai. Mutumin bai taɓa cewa aikina ya ɓaci ba, ce min ya yi wai kasuwa ta ja baya. Biyu daga cikin yaran yanzu suna da garejinsu, ɗaya har yau yana gaishe ni da sallah.

Shekarun tasi da suka biyo baya ba abin faɗa a ciki. Mako mai zuwa sai maganar auren Hajiya ƙarama da rigimar kuɗin jirgi, in Allah ya kai mu.