Alhamis: "Sai ta cika dam"

Na yi isha'i, na ci tuwo, amma maganar Kawu ba ta sake ni ba.

Ranar kasuwar Maigatari ce, kun san yadda rumfar caji take cika. Wajen sha ɗaya da rabi ya shigo da kekensa na haya mai aiki da batir, allon gaba na nuna sanda uku cikin biyar. Ya ce, "Ɗan nan, jona mini, ai ta haura rabi, awa ɗaya ta isa." Na buɗe manhajar BMS, wato na'urar da ke kula da batirin, a waya, ta nuna kashi 35, zafin batir kuma digiri 46.

Sandunan nan ba ƙarya suke yi da gangan ba, bolt kawai suke karantawa. Batirin Kawu kuwa LiFePO4 ne, wani nau'in lithium, mai ƙwaya 24, kuma irin wannan ƙwayar tana zama a bolt 3.2 zuwa 3.3 tun daga wajen kashi 20 har kusan 90. Duk wanda ya ɗora alkawarin lokaci a kan sanda, sai an kira shi maƙaryaci. BMS shi ke ƙirga am, wato yawan wutar da ta shiga da wadda ta fita, shi ya sa nake fara duba shi.

Na ce, "Kawu, ku tura ta inuwa tukuna, batirin ya ɗau zafi." Masu ƙera shi galibi ba sa son a yi caji sama da digiri 45, in an matsa BMS ya yanke a tsakiya, mutum ya dawo daga masallaci ya tarar babu abin da ya ƙaru. Minti ashirin ƙarƙashin darbejiya, murfin akwatin batir a buɗe, ya sauka zuwa 41.

Lissafin ba shi da wuya. Batir Ah 100 ne, wato yana ɗaukar daidai da am 100 na tsawon awa ɗaya. Daga 35 zuwa 90 yana neman Ah 55. A jikin caja an rubuta am 20, amma da na maƙala mita a wayar cajar 18 take bayarwa, haka take yi in ta yi zafi. Raba 55 da 18, awa uku ke nan da 'yan mintuna. Mun jona sha biyu saura goma, na ɗau alli na rubuta a allo: Kawu, ƙarfe uku. A ƙarƙashinsa na sa yaron Goggo, ƙarfe uku za a jona masa in an zare na Kawu, na ce ya je ya ci abinci ya yi azahar, kada ya zauna yana gadin caja. Amfanin allon ke nan.

Caja biyu kaɗai nake kunnawa da rana. Fanel goma masu wat 550, a takarda 5,500, amma a zafin bazara da ƙura in na samu 4,000 da tsakar rana na gode Allah. Kowace caja tana jan kusan 1,800. Ta uku sai dai ta ci batirin rumfa, na dare ke nan.

Ƙarfe uku saura kaɗan manhaja ta nuna 90. Na miƙa hannu zan zare, Kawu ya riƙe ni. "Sai ta cika dam. Kuɗin cikawa zan biya, ba na rabi ba."

Na ce, "Allah ya ba ku haƙuri, Kawu, abin da ya rage bai fi Ah 10 ba, amma zai ci muku fiye da awa guda." Na nuna masa mita. Da ƙwayoyin suka doshi bolt 3.65, wato 87.6 gaba ɗaya, caja ta daina turawa da ƙarfi, 18 ta koma 11, ta koma 6, ta koma 3. Daga nan kuma BMS ya shiga daidaita ƙwayoyi, yana rage wa wadda ta yi gaba don ta baya ta kamo. Kamar ɗurin buhun gero ne, kwanon ƙarshe sai an girgiza an danna. Cikawar tana da amfani, ban musa ba, in ba a yi ta lokaci-lokaci ƙirgen BMS kansa yana kaucewa. Amma aikin dare ne ko safiyar Juma'a da babu layi, ba na yammacin kasuwa ba.

Ya ce shi tun yana tuƙa mai shan fetur bai taɓa barin gidan mai da rabin tanki ba. Na yi shiru. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma mutane na kallo.

Huɗu da minti goma fitilar caja ta koma kore.

Yaron Goggo tun uku saura biyar yake tsaye. Bai ce uffan ba, sai duba allo yake yana duba ni. Da muka jona masa rana ta karkata, fanel sun sauka ƙasa da rabi, ɗaya cajar kuma tana kan wani keken har huɗu da rabi. Kashi 20 ya zo da shi, wajen 45 ya zare ya tafi, don 'yan kasuwa sun fara tashi. Da wannan ba zai yi sawun da ya saba ba, kuma balas zai kai wa mai keken da daddare, ko ya samu ko bai samu ba. Ni na rubuta masa ƙarfe uku da hannuna, lissafina bai kuskure ko da minti goma ba, amma bai amfane shi da komai ba. Wannan shi ya ɓata mini yinin.

Fankar caja ta biyu ta fara ƙara, ƙura ce, gobe zan hure ta. Wanke fanel da asuba kafin su yi zafi. Ƙanina ya ce alli ya kusa ƙarewa.

Kuɗin caji ma zan sake masa tsari, a biya gwargwadon Ah ɗin da ya shiga, ba kuɗin "cikawa" ba, kuma a rubuta a saman allo cewa ranar Alhamis daga hantsi zuwa la'asar kashi 90 ake zarewa. Kawu zan fara sanar wa, a gida, bayan an sauko daga Juma'a.